Darasin Lafiya: Sojojin Jiki da Ciwon Dajin Dubura

Jama'a masu karatu, manoma da makiyaya, maza da mata na Madawa da Buza da Keita, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata cuta wadda mutane ke jin kunyar faɗin sunanta. Ita ce ciwon dajin dubura. Za mu ga yadda take farawa, da yadda jiki ke yaƙi da ita da kansa. Za mu kuma ga yadda likitoci suka gano cewa ƙarfin wannan yaƙi yana nuna musu, tun da wuri, yadda magani zai ci. A karanta a hankali. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

INA CUTAR TAKE KAMAWA?

Abincin da muka ci yana bin hanya mai tsawo. Daga baki ya sauka tumbi, daga tumbi ya shiga ƙaramin hanji, daga nan ya wuce babban hanji. Duk wanda ya taɓa gyaran kayan cikin akuya ya san wannan hanya. Ƙarshen babban hanji, inda bayan gida ke taruwa kafin ya fita, shi muke kira dubura a cikin wannan darasi. Tsawonsa santimita 12 zuwa 15 ne, wato bai kai taƙi ɗaya ba.

An gina jikin mutum da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Kullum wasu suna mutuwa, wasu sababbi suna maye gurbinsu, bisa tsari. Wani lokaci sai wata ƙwaya ta lalace, ta ƙi bin tsari, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, har ta zama ƙari. Idan ƙarin yana cin naman da ke kusa da shi, yana kuma aika iri zuwa hanta ko huhu, shi ne ciwon daji. Wasu na ce masa sankara, wasu na ce masa kansa.

Ciwon daji ya yi kama da ƙuduji a gonar hatsi. Ƙuduji yana kama saiwar hatsi a ƙarƙashin ƙasa, yana shan ruwanta makonni da dama kafin ya fito fili. Haka wannan cuta take. Sau da yawa takan fara da ɗan tsiro kamar ƙwayar wake a cikin hanji, ya yi shekaru ba ya ciwo, kafin ya rikiɗa.

Cutar ba sammu ba ce, ba jifa ba ce. Ba a ɗaukar ta wajen cin abinci a ƙwarya ɗaya, ko wajen jinyar mai ita. Kuma tana ko'ina a duniya: a shekarar 2022, an ƙiyasta cewa mutum sama da 700,000 ne suka kamu da ciwon dajin dubura.

BA KOWANE JINI NE BASIR BA

Idan mutum ya ga jini a bayan gida, abin da yakan fara cewa shi ne: basir ne, ko ɗankanoma ne. Sau da yawa gaskiya ne. Atini ma yana kawo jini, haka wasu tsutsotsin ciki. Amma ciwon daji yakan ɓuya a bayan sunan basir, mutum ya yi ta shan jiƙe-jiƙe wata da watanni, cuta tana ƙara yin saiwa. Ga alamun da bai kamata a zauna da su a gida ba:

1. Jini ko majina a bayan gida, yana tafiya yana dawowa.
2. Canjin bayan gida na makonni: yau zawo, gobe ciki ya ɗaure.
3. Mutum ya ji bayan gida bai ƙare ba, ya koma ya yi ta yunƙuri, ba abin da ya fito.
4. Bayan gida ya riƙa fita siriri, ba kamar da ba.
5. Rama ba dalili, da kasala, da farin ido na ƙarancin jini.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya wuce mako 2 ko 3 bai daina ba, ya je asibiti. Wanda wani a gidansu, uwa ko uba ko ɗan'uwa, ya taɓa yin ciwon dajin hanji, ya faɗa wa likita.

SU WANE NE SOJOJIN JIKI?

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, akwai kuma fararen ƙwayoyi masu tsaro. Waɗannan fararen su ne sojojin jiki. Aikinsu gaba ɗaya shi ake kira garkuwar jiki. Kowa ya taɓa ganin aikinsu ko da bai san sunansu ba. Idan ƙaya ta soke ka a ƙafa, kaluluwa ta fito maka a matsematsi, to barikin sojoji ne ya cika ya kumbura. Idan gyambo ya yi mugunya, to gawawwakin sojoji ne da na abokan gaba. Yaron da ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sake yi, domin sojojinsa sun riƙe kamannin cutar. Allurar rigakafi ma aikinta ke nan: tana nuna wa sojoji abokin gaba tun kafin ya zo.

Sojojin iri-iri ne. Waɗanda suka fi muhimmanci a wannan darasi su ne ake kira limfosit, musamman wani rukuni nasu mai suna ƙwayoyin T. Su ne masu zagaya jiki suna duba kowace ƙwaya. Idan sun ga wadda ta lalace, sai su kashe ta.

To, idan haka ne, yaya ciwon daji ke samun wurin zama? Dalili shi ne ɓarawon gida ne. Daga jikin mutum ya fito, saboda haka yana kama da ƴan gida. Wani ƙarin yakan ɓoye kamanninsa. Wani yakan kewaye kansa da shinge, sojoji su kasa shiga. Wani kuma yakan sa wa sojojin dabaibayi: suna nan a wurin, suna ganin sa, amma ba su iya motsi.

ISKA ƊAYA, GONA BIYU

Mutanen Buza sun san labarin kwarin Majiya. Daga shekarar 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a tsakiyar gonaki, tsakanin layi da layi mita 100, domin su tare iska. Iskar da ke busowa ɗaya ce. Amma gonar da ke bayan itatuwa takan riƙe ƙasarta da laimarta, wadda ke fili kuwa rairayi ya binne mata shuka. Manomi mai lura, idan ya dubi layin itatuwa, ya san gonar da za ta fi jure wa iska tun kafin ta taso.

Haka likitoci suka daɗe suna ganin wani abin mamaki. Ga mutum biyu, ƙarinsu girma ɗaya, an yi musu magani iri ɗaya. Ɗaya ya warke sarai, ɗaya cuta ta dawo masa. Me ya bambanta su?

A shekarar 2006, wani masani a birnin Paris na Faransa, mai suna Jérôme Galon, shi da abokan aikinsa, suka fito da amsa. Sun duba ƙarin da aka cire daga hanjin mutum wajen 400. Maimakon su tsaya ga auna girman ƙari, sai suka ƙidaya ƙwayoyin T da ke cikinsa da waɗanda ke gefensa. Suka tarar cewa waɗanda ƙarinsu ke cike da sojoji sun fi daɗewa da rai, kuma cutar ba ta cika dawo musu ba. Waɗanda ƙarinsu ba sojoji kuwa, ko da ƙarin ƙarami ne, sun fi shiga haɗari. Daga wannan aiki aka tsara wani awo mai suna Immunoscore, wato makin sojojin jiki. Maki uku ne: mai yawa, matsakaici, da kaɗan.

YADDA AKE MAGANIN CUTAR

Kafin mu ga amfanin wannan maki, sai mu san hanyoyin magani. Manya guda uku ne:

1. Gashi: wata na'ura ce ke harba haske mai ƙarfi a kan ƙari, ya ƙone shi daga ciki. Ba wuta ba ce, mutum ba ya jin zafi a lokacin da ake yi. Yawanci akan yi mako 5 zuwa 6 ana zuwa.
2. Magani mai ƙarfi wanda ake sa wa a jijiya ko a haɗiya, mai kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa.
3. Fiɗa: a yanke wurin da ƙari yake, a haɗa hanji. Idan ƙarin ya yi kusa da mafita ƙwarai, akan buɗe wata ƴar ƙofa a gefen ciki, bayan gida ya riƙa fita cikin jaka. Wani na ɗan lokaci ne, wani na dindindin. Masu wannan jaka suna noma, suna kasuwa, suna zaman iyali.

Idan ƙari ya girma, akan fara da gashi da magani, a jira makonni, sannan a yi fiɗa. A nan ne ake ganin bambanci. Wani ƙarinsa yakan ragu kaɗan. Wani ya ragu da yawa. Wani kuwa, wajen mutum 1 cikin 5 ko 6, idan aka duba sai a tarar ba sauran ƙwayar cuta ko ɗaya.

Sojojin jiki suna da hannu a wannan. Idan gashi ya farfasa ƙwayoyin cuta, sai asirinsu ya tonu, sojoji su gane kamanninsu, su bi sauran su ƙarasa. Gashi kamar mai sassabe ne, sojoji kamar masu bi da kalme suna cire saiwa. Inda masu bin baya suka yi yawa, gona takan fita tas.

A YI FIƊA KO A SA IDO?

Wata likitar fiɗa a ƙasar Barazil, mai suna Angelita Habr-Gama, ta yi wata tambaya: idan ƙari ya ɓace bayan gashi, dole ne a yanke dubura? A shekarar 2004 ta ba da labarin mutum 265 da aka yi wa gashi da magani. A cikinsu, 71 ƙarinsu ya ɓace, ba a yi musu fiɗa nan take ba, aka sa musu ido kawai, kuma yawancinsu suka zauna lafiya. Wannan hanya ita ake kira sa ido da jira.

Amma hanyar tana da sharaɗi. A cikin mutum 4 da aka sa wa ido, wajen 1 ƙarinsa yakan sake tsirowa, galibi a cikin shekara 2 na farko. Shi ya sa ake duba su kowane wata 3 ko 4. Idan an gan shi da wuri, sai a yi fiɗar da aka ɗaga.

Saboda haka likita yana bukatar sanin wa ya dace a jira, wa bai dace ba. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masanan Paris, ƙarƙashin Franck Pagès, suka gwada makin sojoji a kan ɗan naman da ake tsinkowa daga ƙari tun ranar farko, kafin a fara magani. A shekarar 2020 suka nuna cewa masu maki mai yawa sun fi samun raguwar ƙari bayan gashi. A shekarar 2024 suka fito da sakamakon mutum sama da 200 daga ƙasashe daban-daban, waɗanda aka sa wa ido ba a yi musu fiɗa ba. Ga waɗanda cutar ba ta dawo musu ba bayan shekara 5, a cikin kowane mutum 100:

Masu maki mai yawa: wajen 91.
Masu maki matsakaici: wajen 62.
Masu maki kaɗan: wajen 53.

A lura da kyau. Maki ba duba ba ne, ba hukunci ba ne. Ko cikin masu maki kaɗan, fiye da rabi sun zauna lafiya. Amfaninsa shi ne ya taimaki likita ya zaɓi hanya: wannan a jira, wancan a yi fiɗa, wancan a ƙara sa masa ido. Awo ne na manyan ɗakunan bincike, yana bukatar na'ura da kuɗi, kuma ko a Turai ba kowane asibiti ke yin sa ba. Likita yana haɗa shi da hoto da duban ido da na hannu.

Akwai wata alama mai sauƙi a gwajin ƙidayar jini. Binciken da aka yi a ƙasashe da yawa ya nuna cewa idan limfosit sun yi ƙaranci, wasu fararen ƙwayoyi masu suna nutrofil kuma suka yi yawa, cutar takan fi wuyar magani. Amma zazzaɓi ko gyambo ma suna canza wannan ƙidaya. Likita ne kaɗai ke iya fassara ta.

MAGANIN KWANCE DABAIBAYI

Mun ce wani ƙari yakan sa wa sojoji dabaibayi. Masana biyu, James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, sun gano yadda wannan dabaibayi yake da yadda za a kwance shi. An ba su lambar yabo ta Nobel a shekarar 2018. Magungunan da suka fito daga aikinsu ba su kashe cuta da kansu. Sojoji suke saki, sojoji su yi aikin.

Amma ba kowane ƙari ne ke jin wannan magani ba. Ga dalili. Idan ƙwaya za ta rabu biyu, takan kwafi rubutun da ke cikinta, kamar ɗalibi mai kwafe daga allo. Akwai masu gyara da ke bin rubutun suna gyara kuskure, kamar malami. A wani irin ƙari, masu gyaran sun lalace. Kurakurai sukan taru da yawa, har ƙwayar ta zama baƙuwa sarai, sojoji su gane ta daga nesa su taru a kanta. Irin wannan ƙari dabaibayi kawai ke kare shi.

A shekarar 2022, wani asibitin ciwon daji a birnin Niyok na Amurka ya ba da labarin yadda ya ba masu irin wannan ƙari a dubura wani magani mai suna dostarlimab, sau ɗaya kowane mako 3, har wata 6. Mutum 12 na farko da suka gama, dukansu ƙarin ya ɓace, ba gashi, ba fiɗa. A ƙasashen Turawa, masu irin wannan ƙari 5 zuwa 10 ne kawai cikin 100 na masu ciwon dajin dubura. Amma wani bincike da likitocin Ile-Ife a Najeriya suka fitar a shekarar 2021 ya tarar da wannan alama a fiye da 1 cikin 4 na masu ciwon dajin hanji da aka gwada. Ya kuma nuna cewa wajen rabin marasa lafiyarsu a dubura cutar take. Wannan labari ya shafe mu, mu mutanen Afirka ta Yamma, ko da yake maganin yana da tsada ƙwarai.

ABIN DA KE HANNUNMU

Duk wannan ilimi yana amfanar wanda ya zo da wuri ne. A Amurka, idan an gano cutar tana nan a dubura ba ta fita ba, wajen mutum 9 cikin 10 suna raye bayan shekara 5. Idan ta riga ta kai hanta ko huhu, ba su kai 2 cikin 10 ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hanya ita ce: a fara da asibitin da ake kira CSI mafi kusa. Daga nan a je asibitin gunduma na Madawa, ko Buza, ko Keita. Akwai babban asibitin jiha a Tawa, akwai asibitin Galmi inda ake fiɗa. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji, wadda ta fara gashi a shekarar 2021. A riƙe takardar turawa da duk takardun gwaji a wuri ɗaya.

Duban farko da yatsa ake yi. Likita yakan sa safar hannu ya taɓa ciki, minti ɗaya ya gama. Ƙari da yawa na dubura yatsa yana kai musu. Kada kunya ta hana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maigida ya bar matarsa ta je, ya ba ta kuɗin mota. Mace tana iya neman mace ta duba ta, ko ta shiga da ƴar'uwarta.

Ga abin da ke taimakon sojojin jiki da lafiyar hanji:

1. Cin abinci mai gina jiki: wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi, zogale, kabewa, da hatsin da ba a cire masa dusa duka ba. Tamowa tana raunana sojoji, kuma ramammen jiki ba ya jure gashi da fiɗa.
2. Barin taba da giya. Duka biyun suna ƙara haɗarin ciwon dajin hanji.
3. Mai ciwon sida ko ciwon suga ya riƙe maganinsa, kada ya yanke.
4. Wanda ya fara gashi ko magani ya kai ƙarshe. Tsayawa a tsakiya kamar noman rabin gona ne.
5. Wanda aka ce ƙarinsa ya ɓace ya riƙa komawa a ranar da aka sa masa.

A yi hattara da masu tallar magani a kasuwa da cikin mota, masu cewa garinsu ko ruwansu yana ƙara garkuwar jiki, yana narkar da ciwon daji. Abinci mai kyau yana taimako, amma ba ya maye gurbin asibiti. Kuɗin albasa ko na akuyar da aka sayar, gara a kashe su a kan hanyar zuwa wurin likita.

SABABBIN KALMOMI

Ƙari: tarin ƙwayoyin da suka hayayyafa ba bisa tsari ba.
Garkuwar jiki: tsaron da fararen ƙwayoyin jini ke yi.
Limfosit: sojojin da ke gane ƙwayar da ta lalace.
Gashi: maganin ƙari da haske mai ƙarfi na na'ura.

TAMBAYOYI

1. Kawo alamu 3 na ciwon dajin dubura.
2. Ta wace hanya ciwon daji ya yi kama da ƙuduji?
3. Me masanan Paris suka ƙidaya a cikin ƙari?
4. Lissafi: masu maki mai yawa 91 ne suka zauna lafiya cikin 100, masu maki kaɗan 53. Nawa ne bambancin?
5. Maƙwabcinka ya yi wata 2 yana ganin jini a bayan gida, ya ce basir ne. Rubuta layi 3 na shawarar da za ka ba shi.

A tattauna amsoshin a aji tare da malami. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.